A Buɗe Ta ko A Soka Mata: Gardama Kan Tsohuwar Kwamfutar Tebur

Ƙanena yana da shagon buga takardu, irin wanda ake fotokofi da cike fom ɗin makaranta da duba sakamakon jarrabawa. Kusan duk abincin shagon yana fitowa ne daga cikin wata baƙar kwamfutar tebur, Dell OptiPlex 7010, 'yar Beljiyam, samfurin da kamfanin ya fitar a 2012. Ta gama bautar wani ofishi a ƙasar waje kafin a loda ta a kwantena ta sauka Legas, daga nan ta hau mota zuwa Kano. Ba ta da wayales, domin masu ita na farko ba su buƙata ba, kowane tebur a ofishinsu akwai waya shimfiɗe. Shekara da shekaru tana shan intanet ta wata shuɗiyar waya da ba ta wuce kamu huɗu ba, daga rautar da ke gefenta. Sai aka ta da bene a bayan layin shagunan, sabis ya daina shiga ɗakin. Dole rauta ta koma shagon maƙwabci na bakin titi, kusa da taga, su biyun suna raba kuɗin data. Tsakaninsu akwai shago biyu da baranda, mai ginin kuma ya ce ba a huda masa bango, ba a rataya masa waya.

Mai gyaran da muka kira ko zama bai yi ba ya yanke hukunci: “Oga, a buɗe ta kawai a sa mata kati.” Ƙanena ya dube ni ya ce, “Yaya, ni fa ba na son a taɓa cikinta. Wannan ƙaramin da ake sokawa kamar filash, me ya yi?” Gardamar da aka fara a tsaye ta kai mu har la'asar, na kuma lura cewa kowannensu yana da hujjar da ta fi ƙarfin yadda ya iya faɗinta.

Katin da ake magana wani ɗan falle ne da bai kai tafin hannu ba. Ana zare murfin kwamfuta, a cusa shi a ɗaya daga ramukan da ke kan madabod, a ɗaure ƙarfensa da noti, sai eriyarsa guda biyu su leƙo ta baya kamar kunnen zomo. Abokin takararsa kuwa shi ne ɗan soken USB, wanda wani bai fi farcen babban yatsa ba. Aikinsu ɗaya ne, wato su zama rediyon da ke magana da rauta.

Hujjar masu kati ta farko eriya ce, ita ce kuma ta fi nauyi. Wayales rediyo ne, kuma duk wanda ya taɓa bin gajeren zango da daddare ya san bambancin akwatin da aka zare wa eriya da wanda tasa ta karye. A cikin ƙaramin ɗan soke irin TL-WN725N na TP-Link, eriyar wani siririn zane ne na tagulla da aka naɗe a wurin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ga shi kuma manne da jikin akwatin ƙarfe, ƙarfe kuwa tare sigina yake yi. In rauta tana ɗaki ɗaya da kwamfuta, ba za ka ga aibunsa ba. In bangon bulo biyu ya shiga tsakani, sai ka ga sandunan sigina suna hawa da sauka, fom ɗin da aka kusa gamawa ya tsaya cak, mai fom ɗin yana tsaye a kanka yana duba agogo. Kati yana da eriya biyu masu tsayi da ake juyawa, ana kwance su a sa waɗanda suka fi su, wasu katunan ma, irin Archer TX3000E, suna zuwa da gindin eriya mai maganaɗisu da doguwar waya, a ɗora shi can saman kabad. Eriya biyu kuma ba ado ba ne. Tun ƙa'idar 802.11n ta 2009, wadda daga baya aka raɗa wa suna Wi-Fi 4, na'ura tana iya aika saƙo ta hanya biyu a lokaci guda, mai eriya ɗaya kuwa rabin wannan rabon yake samu.

Sai zafi. Ɗan soke ƙarami ba shi da inda zai fitar da zafinsa. A watan Afrilu, a shagon da ke ƙarƙashin rufin kwano, in aka ɗauki awa ana sauke manyan fayil, yakan yi zafin da zai rage gudu ko ya yanke gaba ɗaya, sai an zare an mayar. Kati yana da faɗi, da yawa suna da ƙarfen sanyaya a bayansu, fankar cikin akwatin kuma tana kaɗa masa iska.

Akwai kuma hujjar da ba za ka same ta a takardar kamfani ba, wadda mai gyaran ya faɗa yana dariya: “Oga, abin da aka soka da hannu, da hannu ake zarewa.” Shagon da mutum hamsin ke shiga a yini, kowa da filash ɗinsa, yara suna leƙe, wani yana jingina, ɗan soke ba ya daɗewa. Ko a zare shi da gangan, ko a zare shi bisa kuskure a zaci filash ɗin wani ne, ko gwiwar wani ta buge shi ya karye ya tafi da bakin USB ɗin. Bakunan kuma dama ba su wadata ba: allon rubutu, linzami, firinta, sikana, kyamarar fasfo, na'urar ɗaukar hoton yatsa. Kati yana ciki a ɗaure, sai wanda ya zo da sukundireba.

Ta fuskar gudu ma lissafi yana bayansu. USB 2.0, wanda ya fito a 2000, iyakarsa a takarda megabit 480 a sakan, a aikace bai kai haka ba, kuma yawancin tsofaffin kwamfutoci shi ne kawai gare su. Layi ɗaya na ramin kati, wato PCI Express na farko, na 2003, yana ɗaukar megabayit 250 a sakan ta kowace fuska, na biyu na 2007 ya ninka. USB 3.0 na 2008 ya fi ƙarfin wannan matsala, amma ya zo da tasa: a 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa bakunan USB 3.0 da wayoyinsu suna fitar da hayaniyar lantarki a daidai zangon gigahaz 2.4, wato zangon da yawancin 'yan soke masu araha ke aiki a kai. Kenan kana iya soka shi a baki mafi sauri, ka soka had-dis a kusa da shi, sigina ta ragu ba ka san dalili ba.

Hujjarsu ta ƙarshe ta aljihu ce da ta muhalli. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su. Kwamfutar da ke buga Word da CorelDraw ba tare da gardama ba, rashin wayales kaɗai bai isa a yi mata ritaya ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ɗan kati ɗaya yana iya ƙara wa na'ura shekaru kafin ta faɗa hannun 'yan jari-bola. Sai dai in za a yi adalci, wannan hujja ba ta kati kaɗai ba ce, ɗan soke ma yana yin wannan ceton.

Ƙanena bai san ko ɗaya daga waɗannan alƙaluma ba. Abin da ya sani shi ne garin neman gira ake rasa ido, kuma ya ga an rasa. Shekarun baya wani yaron shago ya buɗe masa wata kwamfutar don ya ƙara mata ram, tun daga ranar ba ta sake tashi ba. Tsoronsa yana da tushe. Na'urar da ta shekara goma sha tana shan zafi, robobinta sun bushe, ɗan maƙallin da ke riƙe kati kan ɓalle da taɓawa ɗaya. Wayar da ta saki ba ta faɗi ba, ƙura ce ke riƙe da ita, sai an motsa akwatin ta rabu. Ga kuma hunturu. Duk wanda ya taɓa ƙofar mota a watan Janairu ya ji ta tsikare shi ya san lantarkin da jiki ke tarawa in iska ta bushe. Wannan ɗan tsikarin, har ma wanda bai kai ka ji shi ba, ya isa ya kashe ƙwaƙwalwar kati ko ya raunata madabod. Maganinsa sananne ne: a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai, a riƙe katin ta gefensa ba ta haƙoransa masu ruwan zinariya ba. Amma masu gyara nawa ne ke yin haka in kasuwa ta cika, mutum uku suna jira?

Matsala ta biyu ita ce kati ba kamar filash ba ne da kowane baki ke karɓa. Ramukan iri biyu ne. Akwai tsohon PCI da Intel ta ɓullo da shi a 1992, yawanci fari, dogo, wanda duk na'urorin da ke kansa ke raba megabayit 133 a sakan. Akwai kuma PCI Express, mai gajere da dogo. Katin wannan ba ya shiga ramin wancan, ko da za ka haɗa da guduma. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne gajeren katin PCI Express yana zama lafiya a dogon rami, don haka in ba ka ga gajeren ba, kada ka karaya. Amma in kwamfutarka ta zamanin Pentium 4 ce da babu komai cikinta sai PCI, to katunan da za ka samu tsofaffi ne, mafi yawansu sun tsaya a 802.11g na 2003 mai megabit 54, ko 802.11n in ka yi sa'a. Bayan rami sai ƙarfen baya. Yawancin 'yan Beljiyam ɗin ofis, na Dell da HP da Lenovo, siraran akwatuna ne da ke buƙatar gajeren ƙarfe. Sabon kati a kwali yakan zo da ƙarfe biyu, dogo da gajere. Na kwance kuwa da ɗaya yake zuwa, kuma sau da yawa ba wanda kake so ba. Na sha ganin kati an yanke ƙarfensa da almakashin kwano, ko an bar shi yana lilo ba noti, an ce ai yana aiki.

Duk wannan ƙaramin abu ne in aka kwatanta da direba. Sunan ma ya dace, domin mota komai kyanta in ba direba ajiya ce. Direba ita ce manhajar da ke koya wa Windows yaren katin, kuma a nan ne yawancin masu sayen kati ke kwana. Ɗauki AX200 na Intel, wanda ya fito a 2019, shi ne zuciyar katunan Wi-Fi 6 da yawa da ke kasuwa. Kamfanin ya yi masa direba na Windows 10 mai bit 64 da abin da ya biyo baya, da kuma Linux. Bai yi na Windows 7 ba. Wanda ya sayo shi ya sa a kwamfutar da ke kan Windows 7, to ya sayi ƙarfe ne kawai. Ga kuma ɗan'uwansa AX201, lamba ɗaya ce ta raba su, kamanninsu ɗaya, amma shi rabin aikinsa yana cikin sababbin madabod na Intel ne, a tsohuwar kwamfuta ko motsi ba zai yi ba. Mai sayarwa da ke son ciniki ba lallai ya tsaya bambance maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Sannan akwai abin dariyar da ke ba mutum haushi: direban yana intanet, intanet ɗin kuma sai da direban. Faifan da ke cikin kwali ba ya amfani, domin na'urar faifan tsohuwar kwamfuta ta daɗe da mutuwa. Sai an sauko da shi ta wata na'urar an kawo a filash, abin da ya kamata a yi tun kafin a kwance noti ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan masu kati za su ce, ai ɗan soke ma yana neman direba. Gaskiya ne. Bambancin shi ne in bai yi ba, ka zare ka mayar wa mai shi cikin minti biyar, ba ka buɗe komai ba, kuɗin da ka zuba ma kaɗan ne.

Akwai wata hujja da ta fi ta ƙanena zurfi, wadda ba kati kaɗai take tuhuma ba, har da tunanin haɗa tsohuwar na'ura da iska gaba ɗaya. Tsaro ne. Makullin wayales na farko, WEP, tun 2001 masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna yadda ake fasa shi, yau kuwa aikin mintuna ne. WPA ya zo a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. Katin da ya tsufa sosai ba ya jin sabon makulli, sai mai shi ya je ya sassauta tsaron rauta don ta karɓe shi, ya buɗe ƙofar kowa saboda baƙo ɗaya. Tsohon kati mai jan ƙafa kuma yana cinye lokacin iska, domin rauta tana bin na'urori ne bi da bi, saƙon da sabon kati zai gama nan take shi sai ya ja, sauran suna jira. A shagon haɗaka irin na ƙanena, wannan rigima ce da maƙwabci. Ita kanta Windows ɗin ma abin dubawa ce. Microsoft ta daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, ta daina da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, OptiPlex ɗin ƙanena ta ƙarni na uku ce. To me ya sa za a zuba kuɗin kati mai tsada a gidan da mai shi ya riga ya ba da notis? Kwamfutar shago tana ɗauke da hotunan fasfo, lambobin NIN, takardun haihuwa na mutanen unguwa. Masu kati sukan amsa da cewa a sa mata Linux, wanda ke tafiya lafiya a tsofaffin na'urori kuma direbobin katunan Intel da na Atheros da yawa suna cikinsa tun asali. Amsa ce mai kyau ga ɗalibi ko mai kwamfutar gida. Ga mai shagon da abincinsa ke kan CorelDraw da wata firinta mai taurin kai, ba ta da sauƙi haka.

Sai hujjar da ta fi kowace kashe jiki. Lambobin da ke jikin kwali, 300 ko 1200 ko 3000, gudu ne tsakanin kati da rauta a ɗakin gwaji, an ma tara na zango biyu wuri ɗaya don lambar ta yi girma. Ba su ne gudun intanet ɗinka ba. In rautarka ta layin waya ce, abin da dogon ƙarfen kamfanin sadarwa ya ba ta shi za ta ba ka, da magariba kuwa in unguwa duka ta hau, kowa ya san yadda ake ciki. Sayen katin Wi-Fi 6 don rautar 4G kamar shimfiɗa bututu mai faɗin ganga ne a kan famfon da ke ɗiga. Wanda ke da 5G, da aka fara a Najeriya a 2022, ko Starlink da ya shigo a farkon 2023, shi ne zai iya ganin bambanci, shi ma in rautarsa tana da zangon gigahaz 5. Wannan zango ya fi sauri, ya fi ƙarancin cunkoso, amma bango yana cin sa fiye da yadda yake cin na 2.4. Shi kuma na 2.4 hanyoyi uku ne kawai a cikinsa da ba sa taka juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, a kasuwar da kowane shago ke da rauta, kowace waya ke buɗe hosfot, waɗannan ukun kamar titin Kantin Kwari ne ana gobe salla.

Da na zauna na auna, sai na ga kowane ɓangare yana ƙara gishiri a wani wuri. Masu kati suna magana kamar kasancewa a ciki kaɗai ya isa falala. Ba haka ba ne. Katin araha irin TL-WN881ND zangon 2.4 kawai yake ji, daidai da ɗan soken da ake rainawa, kuma sau da yawa ƙwaƙwalwar da ke cikinsu daga kamfanoni ɗaya take, Realtek ko MediaTek. Abin da ya fi wannan, eriyar kati a bayan akwati take, akwatin kuma yawanci yana ƙasan tebur, an jingina shi da bango, wayoyin wuta sun nannaɗe shi. Wannan shi ne wuri mafi muni a ɗakin. Ɗan soke mai eriya, in aka haɗa shi da wayar ƙari ta USB mai kamu uku aka rataye shi sama, yana iya kayar da katin da aka binne a can. Maganar Bluetooth da ake tallata kati da ita ma akwai saura: a yawancin katunan sai an jona wata 'yar waya daga katin zuwa mazaunin USB mai fil tara a kan madabod, wasu kwamfutocin ofis kuma ba su da shi a sake, ko nasu wani salo ne daban.

Masu ɗan soke su ma suna wuce gona. Buɗe kwamfutar tebur ba fiɗa ba ce. An ƙera ta ne don a buɗe, waɗannan na ofis ma da yawa ko sukundireba ba sa buƙata, maƙalli ne ka ja murfi ya taso. Kuma wadda ta shekara biyar ba a buɗe ba ta fi kowa buƙata, domin ƙurar da ta toshe fankarta ita ce za ta kashe ta, ba hannun mai gyara ba. Araha kuma ba ta ado. In an sayi ɗan soke uku a shekara biyu, ɗaya ya ɓata, ɗaya ya karye, ɗaya ya ƙone, kuɗin kati ya fita har da canji.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne dukkansu biyun sun manta cewa waya ta fi su. Wayar netwok ta Cat5e tana kai gigabit ɗaya har tsawon mita 100, ba ruwanta da bango, ba ruwanta da hosfot ɗin maƙwabci, ba ta neman direban da kwamfutar ba ta da shi. Ba banza ba cibiyoyin jarrabawar JAMB, tun da hukumar ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, za ka ga wayoyi ne jere a ƙarƙashin tebura. Kwamfutar tebur ba ta zuwa ko'ina, to me za ta yi da 'yancin yawo? Inda duk za a iya jan waya, ni ba na ganin dalilin gardama. Aibunta ɗaya da na sani shi ne damina: wayar da aka ja ta sarari daga gini zuwa gini tana iya kwaso tsawa ta ƙona bakin kwamfuta da na rauta tare. Ga wanda kuma buƙatarsa ta ɗan lokaci ce, ya aika saƙo ɗaya ya rufe, wayar hannunsa da kebul ɗin caji sun isa, ya jona ya kunna rabon intanet ta USB, bai sayi komai ba.

To ina na tsaya? Ina bayan kati, amma da sharaɗi, sharaɗin kuma ba a jikin katin yake ba, a jikin kwamfutar yake. In tana da ramin PCI Express, tana kan manhajar da katin ke da direbanta, tana zaune inda waya ba za ta kai ba, akwai nisa ko bango, kuma hannaye da yawa suna wucewa ta gabanta, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, musamman in eriyar mai doguwar waya ce da za a ɗaga sama. In kuwa PCI kaɗai gare ta, ko tana kan XP ko Windows 7, ba zan sa mata kati ba, ba zan ma so ta hau intanet ba, gara ta zauna tana buga takardu a kai mata aiki da filash. In rauta tana ɗaki ɗaya da ita kuma ba a son ganin waya, ɗan soke ya wadatar, duk wanda ya ce maka sai kati, cinikinsa yake nema. Kuma ko a inda kati ya dace, ban ga dalilin sayen mafi tsada ba. Abin nema shi ne ya ji zango biyu, ya ji WPA2 ko abin da ya fi shi, ya zo da gajeren ƙarfe, a kuma karanta lambar ƙwaƙwalwarsa a nemo direbanta kafin a miƙa kuɗi. Wata fa'idar da ƙanena bai hango ba ita ce katin PCI Express ba ya mutuwa tare da kwamfutar, ranar da aka sauya ta ana zare shi a mayar a sabuwar.

Shagon ƙanena ya cika sharuɗɗan, sai batun Windows 10 da ke kanta, wanda dama yana nan ko da kati ko babu, tunda ta waya ma intanet ɗin take hawa. Muka sauke direba a filash tun da safe. Mai gyaran ya zo bayan azahar, na tsaya a kansa har ya zare wayar wuta ya taɓa ƙarfe, yana ta mita cewa shekararsa goma yana wannan aiki. Da aka ɗaga murfi, ƙurar da muka tarar ta isa a shuka gero, aka fita da akwatin baranda aka busa. Gajeren katin ya zauna a dogon rami, aka sauya masa ƙarfe, wayar Bluetooth kuma muka bar ta a kwali tunda ba mai buƙata. Da eriya tana bayan tebur sanda biyu muka samu. Da aka ɗora gindinta saman kabad ɗin takardu, kusa da ƙofa, ta cika huɗu.

Ƙanena bai ce ya yarda ba. Washegari na tarar ya sayo ɗan soken nan duk da haka, yana cikin ledarsa a durowar kuɗi, ƙarƙashin littafin bashi. Na tambaye shi na mene ne, ya ce, “Yaya, lokacin rajistar jarrabawa ya kusa.”